Kantuna, Sana'o'i da Tallar 'Yan Kasuwa a Garin Natchez na Kudancin Ƙasar Amurka a Ƙarni na 19

Garin Natchez yana gaɓar gabas ta kogin Misisifi, a kudu maso yammacin jihar Misisifi, bisa wani tudu da ya ɗara ruwa da kusan ƙafa 200. Faransawa ne suka fara kafa sansani a wurin a 1716, cikin ƙasar wata al'umma ta 'yan asalin nahiyar wadda garin ya gaji sunanta. Daga hannunsu ya faɗa hannun Ingila a 1763, Sifaniya ta ƙwace shi a 1779, Amurka ta karɓa a 1798. Titunan da kantuna suka jeru a kansu Sifaniyawa ne suka yanka su a shekarun 1790. Garin bai yi wani girma ba: a ƙidayar 1860 mutanensa 6,612 ne, kusan kashi ɗaya cikin uku bayi, 'yantattun baƙar fata kuwa kimanin 200. Amma dukiyar da ke kewaye da shi ta fi ƙarfin jikinsa, domin masu gandayen auduga na gundumar Adams da na tsallaken kogi a Luwiziyana suna cikin manyan attajiran Amurka na zamanin.

Wannan maƙala ta bi diddigin kantunan garin da sana'o'insa da irin tallar da 'yan kasuwarsa ke bugawa, tun daga shigowar auduga har ƙarshen ƙarni. Abin da take son tabbatarwa shi ne, kasuwar Natchez a kan bashi take tsaye, bashin kuma a kan auduga da gumin bayi. Babu inda wannan sarƙa ta fito fili kamar shafin talla na jaridun garin, inda mai sayar da siliki da mai sayar da mutum suke biyan kuɗi ɗaya su sami gurbi kafaɗa da kafaɗa.

Ƙasan tudu da bisansa

Kafin tsakiyar shekarun 1790 taba da baba ake nomawa a yankin. Zuwan injin gurza irin na Eli Whitney ne ya mai da auduga amfanin gonar kowa, kogi kuma shi ne hanyar fitar da ita. Manoman Kentaki da Ohayo da Tenesi kan haɗa jirgin katako mai shimfiɗaɗɗen gindi, su loda masa garin alkama da masara da naman gishiri da barasa, su bar ruwa ya gangaro da su. Irin wannan jirgi ba ya iya komawa sama, saboda haka in sun sayar da kaya sai su ɓaɓɓalle shi su sayar da katakon, su kama hanyar ƙasa da ake kira Natchez Trace zuwa Nashville, tafiyar mil 440 da 'yan kai, yawanci a ƙafa. A ƙarshen Disamba 1811 jirgin tururi na farko a kogin, mai suna New Orleans, ya iso Natchez. Cikin shekara ashirin jiragen tururi suka kashe wa waccan hanya kasuwa, kaya kuma suka fara hawowa daga teku da sauri da araha.

Wannan ciniki na kogi ya raba garin gida biyu. A ƙasan tudu, kan wani siririn fili tsakanin ruwa da gangare, akwai titin Silver da rumbunan ajiya da masaukai da mashaya da gidajen caca. Matafiyan da suka yi rubutu a kan wurin sun fi shagala da labarin faɗa da wuƙa da 'yan damfara, har sunan unguwar ya ɓaci a duk tsawon kogin. Sun rage wa wurin haƙƙinsa, domin duk gangar sukari da akwatin yadi da ya shiga kantin bisa tudu, a nan ya fara sauka, kuma 'yan dako da masu amalanke, waɗanda mafi yawansu bayi ne, su ke haurawa da shi ta wata hanya mai tsananin gangara. Ranar 7 ga Mayu 1840 wata mahaukaciyar guguwa ta afka wa garin, ta kashe mutum 317 bisa ƙidayar da aka saba kawowa, mafi yawansu a cikin jiragen katako da ke ɗaure a bakin ruwa.

A bisa tudu kuwa, a titunan Main da Commerce da Franklin, nan manyan kantuna suke: masu yadi da kayan ɗinki, masu kayan masarufi, masu kayan ƙarfe, masu magani, masu littattafai, da bankuna da ofisoshin lauyoyi.

Kanti da littafin bashi

Mai gandu sau ɗaya yake ganin kuɗi a shekara. Ana shuka auduga wajen Maris da Afrilu, a fara tsinka a Agusta har a kai ƙarshen shekara, a gurje, a matse ta dila-dila mai nauyin laba 400 ko fiye, a saka a jirgi zuwa Niyu Olins. A can akwai dillalin auduga, wanda ke sayar da ita ya cire la'adarsa, bisa al'ada kashi biyu da rabi cikin ɗari. Matsayinsa ya yi kama da na fatoma a fataucin goro: shi ke saukar da kaya, shi ke nemo mai saye, shi ke tsaya wa baƙonsa. Ya ma wuce haka, domin shi ke ba mai gandu rance a kan audugar da ba ta tsiro ba tukuna, shi kuma ke sayo masa kayan shekara cikin sari. Manyan attajirai kan yi odar kujeru da madubai da keken doki kai tsaye daga Filadelfiya da Niyu Yok da Faransa. Kenan kaso mafi tsoka na cinikin gandaye yakan tsallake kan mai kantin gari. Abin da ya rage masa shi ne buƙatun yau da kullum na gidajen attajirai, da cinikin ƙananan manoma da masu kula da gandu da mazauna gari.

Su ma waɗannan da wuya su biya hannu da hannu. Ana rubuta abin da mutum ya ɗauka a littafi, a yi lissafi ranar 1 ga Janairu in an sayar da auduga. Shi kansa mai kantin bashi ya ɗauko: yakan tafi Niyu Yok ko Filadelfiya da damina, lokacin da ciniki ya kwanta kuma cutar shawara ke barazana (ta yi wa garin mummunar ɓarna a 1823 da 1837 da 1853), ya ɗebo kaya daga manyan diloli bisa ajalin wata shida zuwa shekara. Kayan kan iso da kaka. Su ma dilolin Niyu Yok wani ɓangare na jarinsu daga Ingila yake, inda masaƙun Lankasha ke jiran audugar. Farashin audugar da aka yanka a Libaful ta Ingila shi ke yanke hukuncin ko tela a Natchez zai ga kuɗin rigar da ya ɗinka.

Wani babban ɓangare na hajar kantunan an yi shi ne musamman don bayi: akoko mai kaushi daga masaƙun Masacuset da Rod Ailan, irin na gidan Hazard da ke Peace Dale, da takalma masu tauri da ake sayarwa akwati-akwati, da barguna, da fartanya da gatari daga maƙeran Konetikat, da tsumman ɗaure dila da igiya daga Kentaki. Jihohin da suka soke bauta a ƙasarsu su ne ke tufatar da bayin Misisifi su ƙera musu kayan aiki.

Kuɗin da ke yawo ma ruɗani ne. Ƙananan azurfa na Sifaniya, mai darajar senti 12½ da mai 6¼, halastattun kuɗi ne a Amurka har 1857, shi ya sa farashin ƙananan abubuwa yake zuwa da ɓari. Manyan kuɗi kuwa takardu ne da kowane banki ke bugawa da sunansa. An kafa bankin farko na yankin a Natchez a 1809, Planters' Bank ya biyo a 1830, wasu suka yi ta ɓullowa a shekarun da auduga ke tsada. Da rikicin kuɗi na 1837 ya faɗo, bankunan suka daina musanya takardunsu da azurfa, farashin auduga ya zube fiye da rabi cikin 'yan shekaru, littattafan bashi suka cika da sunayen da ba za su taɓa biya ba. Wasu masu gandu sukan kwashe bayinsu cikin dare su tsallaka Tekzas, wadda a lokacin ƙasa ce mai cin gashin kanta. Daga wannan darasi ne Lewis Tappan ya kafa wani kamfani a Niyu Yok a 1841, wanda daga baya ya zama R. G. Dun, aikinsa tattara bayanan sirri a kan 'yan kasuwar garuruwa ta hannun lauyoyin wurin: nawa mutum ya mallaka, yana sha ko caca, wa ya aura, ana iya ba shi kaya ko a'a. Sunan kirki ya zama jari da ake rubutawa a ajiye a wani birni mai nisa.

Masu sana'ar hannu

Garin yana da teloli da dukawa masu sirdi da linzami, da maƙera, da masu haɗa keken doki, da masu gyaran bindiga da agogo, da maƙeran azurfa irin su Emile Profilet da George MacPherson. Kafintan kujeru shi ne kuma mai haɗa akwatin gawa. Da yawansu baƙi ne daga jihohin arewacin ƙasar ko Ailan ko Jamus ko Faransa, kuma da kayan masana'anta suka yi araha, wasu suka rage ƙira suka koma sayar da abin da aka ƙera a wani wuri. Mata suna da ɗinkin riguna da huluna da riƙon gidajen haya.

A gefen waɗannan akwai ƙwararrun bayi, maƙera da kafintoci da birkiloli, waɗanda iyayengijinsu ke bayar da hayarsu shekara-shekara su karɓe ladan. Manyan gidajen da ake zuwa kallo a Natchez yau da hannunsu aka gina su. Gidan Longwood, wanda Samuel Sloan na Filadelfiya ya zana wa wani mai gandu, Haller Nutt, an fara shi a 1860. Bayi ne suka buga tubalinsa a wurin, kuma da yaƙin basasar Amurka ya tashi a 1861 ma'aikatan da aka ɗauko daga arewacin ƙasar suka ajiye kayan aiki suka tafi, benayen sama suka tsaya ba a gama ba har yau.

Babu mai sana'ar da aka san cikin shagonsa kamar William Johnson, mai aski. An haife shi bawa a 1809, aka 'yanta shi a 1820, ya koyi aski a wajen mijin yayarsa James Miller, ya sayi shagon Miller a 1830 a kan dala 300. Daga 1835 har rasuwarsa ya riƙa rubuta abin da ya faru kowace rana, rubutun da aka gano a 1938 aka buga a 1951. Aski senti 25 ne, gyaran gemu 12½. Abokan cinikinsa fararen fata ne, masu gandu da lauyoyi da 'yan siyasa. Ya ƙara da gidan wanka, yana sayar da turare da man gashi, ya buɗe wasu shaguna, har da ɗaya a ƙasan tudu, ya sayi gonaki, yana kuma ba fararen fata rance da ruwa yana rubutawa dalla-dalla. Yaran shagonsa wasu 'yantattun samari ne da aka kawo koyon sana'a, wasu bayinsa ne, domin shi ma ya mallaki bayi, kimanin goma sha shida lokacin da ya mutu. Yakan yi musu bulala. Ya kuma rubuta irin baƙin cikin da ya shiga daf da shigar 1844, sa'ad da ya sayar da wani bawansa mai suna Steven da ya gagare shi saboda shaye-shaye.

Duk wannan arziki a kan siraɗi yake. Dokar jiha ta 1831 ta umarci 'yantattun baƙar fata su bar Misisifi sai wanda aka ba lasisin zama, an kuma hana su wasu sana'o'i, har da sayar da barasa da jera haruffa a maɗaba'a. A watan Yuni 1851 wani maƙwabcinsa, Baylor Winn, ya harbe Johnson a kan rikicin iyakar gona. Shaidun da suka gani baƙar fata ne, doka kuma ba ta yarda baƙi ya ba da shaida a kan fari ba. Winn ya dage cewa shi fari ne, aka kasa tabbatar da akasin haka a gaban kotu, aka sake shi.

A can ƙasan tsanin ciniki akwai bayin gandu da ke shigowa gari da ƙarshen mako, da takardar izini daga ubangida, suna tallar kaji da ƙwai da kayan lambu da suka noma a ɗan lokacin da ya zama nasu. Ɗaya daga cikinsu shi ne Abdurrahman Ibrahim ɗan Sori, Bafillacen Futa Jalon, ɗan gidan sarauta, wanda ya yi karatu a Tambutu, aka kama shi a yaƙi aka sayar wa Thomas Foster a Natchez a 1788. Yana tallar kayan lambu a 1807 wani likita, John Cox, wanda ya taɓa jinya a gidan mahaifinsa a Futa, ya gane shi. Cox ya nemi fansarsa, amma Foster ya ƙi sayar da shi. Sai a 1826 mai jarida Andrew Marschalk ya aika da wasiƙar da Abdurrahman ya rubuta da Larabci, ta bi ta hannun hukuma har Maroko, aka sake shi a 1828 bayan shekara arba'in cikin bauta. Ya rasu a Laberiya a 1829.

Shafin talla

Shi wannan Marschalk tsohon hafsan soja ne da ya shigo da ƙaramar na'urar ɗab'i yankin, ya kafa jaridar Mississippi Herald a 1802. Zuwa shekarun 1830 manyan jaridun garin biyu ne: Natchez Courier ta jam'iyyar Whig da Mississippi Free Trader ta 'yan Dimokuraɗ, wadda aka kafa a 1835. Suna zagin juna a shafin siyasa, amma 'yan kasuwa ɗaya ke ciyar da su. Jarida shafi huɗu ce, fiye da rabinta talla, har da shafin farko. Masu biyan kuɗin jarida na shekara sun shahara da taurin bashi, don haka talla da buga sanarwar hukuma su ne abincin mai maɗaba'a.

Ana sayar da gurbi da ma'aunin da masu ɗab'i ke kira murabba'i, wato layi goma ko kusa da haka. A jaridun Kudu da yawa fitowar farko dala ɗaya ce, kowace maimaitawa rabin dala, mai ɗaukar shekara kuma a yi masa rangwame. Wanda ya buɗe irin wannan shafi zai ga sahu-sahu na ƙananan haruffa a cushe, babu babban kanu, sai harafin farko da aka ɗan girmama. Hotunan ƙanana ne ƙwarai, kuma maɗaba'a ce ke da su a aljihun tebur tana sa wa kowa: ɗan jirgin tururi ga mai sanar da tashin jirgi, ɗan gida ga mai haya, hula ga mai huluna, turmi ga mai magani. A ƙasan kowace talla akwai 'yan haruffa da lamba, tunatarwa ce ga mai jera haruffa game da ranar da aka fara da kuma ko a ci gaba da bugawa har sai mai ita ya ce a daina. Shi ya sa ake ganin tallar da ke cewa kaya sun iso yanzun nan tana fitowa wata shida ba a taɓa ta ba.

Abin da tallar ke faɗa ya nuna aikin da take yi. Takan fara da cewa wane ya karɓi sababbin kaya ta jirgi kaza daga Niyu Yok ko Niyu Olins, sai dogon jeri: buhun gahawa kaza, gangar sukari kaza, yadin Faransa, kusoshi, kyandir, man fitila. Ba ta yabon kayan sosai, ba ta kuma cika faɗin farashi ba, domin farashi ya danganta da wanda ke saye da kuma ko kuɗi hannu ne ko sai Janairu. Maimakon haka takan ce za a sayar da sauƙi ga mai kuɗi a hannu ko ga abokan ciniki masu cika alkawari. Adireshi kuwa sai a ce daura da otal kaza, ko ƙofa biyu daga banki, ko inda aka rataye alamar babban takalmi. A gari mai mutum dubu kaɗan kowa ya san kantin. Abin da mai gandu da ke mil ashirin yake son sani shi ne ko jirgi ya zo, ko kantin na nan da ransa, ko har yanzu Niyu Yok na ba mai shi kaya. Doguwar talla shaida ce cewa mutum yana da lamuni.

Masu maganin kwalba ne kaɗai suka saɓa wa wannan salo. Tallar ƙwayoyin Brandreth da ruwan Swaim da ire-irensu daga Niyu Yok da Filadelfiya ake rubuto ta, da dogon bayani da wasiƙun waɗanda aka ce sun warke, a ƙarshe a saka sunan mai kantin maganin garin a matsayin wakili. A wurin da shawara da kwalara da zazzaɓi ke ɗibar mutane, likitoci kuma ba su da abin yi sai tsaga da ba da kalomel, kasuwarsu ba ta taɓa kwantawa ba. Su ne suka fara koya wa masu karatu sayen suna maimakon sayen kaya.

Sauran shafin kuwa tarihin faɗi-tashin kasuwa ne: sanarwar rabuwar abokan jari, gargaɗi ga waɗanda ake bi bashi su zo su biya kafin a miƙa takardunsu ga lauya, da gwanjon kotu, wanda bayan 1837 ya riƙa cinye sahu bayan sahu.

Kasuwar Forks of the Road

Cikin waɗannan sahu akwai wani ɗan hoto da ba ya rasa fitowa: mutum a guje da ƙunshi a kan sanda. Tallar bawan da ya gudu ce, da tukuicin da za a ba wanda ya kamo shi. Don a gane shi, sai ubangida ya zayyana tsawonsa da tufafinsa da tabon bulala ko yankakken yatsa, ya faɗi ko yana in'ina, ko ya iya karatu, ko maƙeri ne ko kafinta. Ba da niyya ba, waɗannan sanarwoyi suka zama mafi cikar bayanin da ya rage a kan ƙwararrun bayi ɗaya-ɗaya, da kuma irin azabar da aka gana musu.

Bayan hana shigo da bayi daga Afirka a 1808, gandayen Misisifi sun dogara ga bayin da ake kwasowa daga Bajiniya da Merilan da Kentaki. Kamfanin Isaac Franklin da John Armfield, mai hedkwata a Alexandria, wadda yanzu take jihar Bajiniya, shi ne mafi girma a farkon shekarun 1830, yana turo mutum dubu ko fiye a shekara, wasu ta teku a jiragensa, wasu a ƙasa ɗaure da sarƙa. A 1833, bayan an tsinci gawawwakin bayin da kwalara ta kashe an yar da su a wani kwazazzabo, hukumar gari ta kori dillalan bayi daga cikin gari. Sai suka tare a wata mararraba mai nisan kamar mil ɗaya gabas, Forks of the Road, wadda ta zama kasuwar bayi ta biyu a girma a can ƙuryar Kudu, bayan ta Niyu Olins. Joseph Holt Ingraham, wanda ya buga littafi a kan yankin a 1835, ya ga maza kimanin arba'in a tsakar wani fili, an sa musu sababbin riguna da wanduna da huluna iri ɗaya, an jera su, mata a gefe da rigunan atamfa da fararen gyale na aiki, mai saye yana bi yana dubawa yana tambaya. Ba gwanjo ake yi ba. Ciniki ne irin na kanti, a taya a sallama.

Tallar wannan kasuwa ba ta bambanta da ta mai yadi ba ko a lafazi. A jaridun Bajiniya dillali kan ce yana biyan tsabar kuɗi ga masu sayarwa. A jaridun Natchez ya ce sababbi sun iso, akwai ma'aikatan gona da masu dafa abinci da masu wanki da maƙera, za a kuma riƙa samun ƙari har ƙarshen kaka. Lokacin cinikin ma ɗaya ne da na kantuna, daga kaka zuwa bazara, sa'ad da kuɗin auduga ke hannu. Ana sayar da mutum bashi, ana jinginar da shi ga banki, ana ƙwace shi in an kasa biya. Tsarin mulkin jiha na 1832 ya hana shigo da bayi a matsayin haja daga Mayu 1833, amma ciniki bai tsaya ba, kuma da wasu masu saye suka nemi fakewa da wannan don su ƙi biyan bashi, Kotun Ƙolin Amurka a shari'ar Groves da Slaughter ta 1841 ta ce sai sun biya. An soke hanin a 1846. Tallar ƙarshe ta kasuwar ta fito a farkon 1863. A watan Yuli na shekarar sojojin tarayya suka mamaye garin, daga baya baƙaƙen sojoji suka rushe shingayen.

Bayan yaƙin basasa

Natchez ta miƙa wuya ga sojojin tarayya tun 1862, kafin su mamaye ta, gine-ginenta suka tsira, amma tsarin bashinta ya rushe, domin bayin da ake jinginarwa sun zama 'yantattu. Masu gandu suna da ƙasa ba kuɗi, 'yantattu suna da ƙarfi ba ƙasa. Dokar jiha ta 1867 ta ba mai kanti damar riƙe amfanin gonar da ba a girbe ba a matsayin jingina. Manomi mai haya ko mai noman raba-daidai yakan sa hannu, ko ya yi alama, a farkon shekara, ya riƙa ɗibar garin masara da nama da yadi da iri, da kaka ya kawo audugarsa kantin. Farashin bashi ya ɗara na kuɗi hannu nesa ba kusa ba. Masu bincike Roger Ransom da Richard Sutch sun ƙiyasta cewa a jihar Jojiya cikin shekarun 1880 bambancin ya kai ruwan kusan kashi 60 cikin ɗari a shekara. Gaskiya ne mai kanti na ɗaukar kasada a yankin da bankuna suka yi ƙaranci. Amma littafin yana hannunsa, manomin da aka hana karatu tun yana yaro ba ya iya duba shi, kuma wanda ya kwana da bashi ba ya iya komawa wani kanti.

Ta haka mai kanti ya hau kujerar da dillalin Niyu Olins ya bari, har ya riƙa mallakar gandayen da aka kasa fansa, kamar yadda Aaron Anderson ya nuna a nazarinsa na 2013. Da yawa cikin sababbin 'yan kasuwar Yahudawa ne daga Alsas da ƙasashen Jamus. Wajen ƙarshen ƙarni kusan kashi ɗaya cikin uku na kasuwancin garin nasu ne, ko da yake yawansu bai wuce kashi biyar cikin ɗari ba. Isaac Lowenburg, wanda ya zo yana sayar wa sojojin tarayya kaya, ya kafa babban gidan sarin kayan masarufi, ya zama magajin gari a shekarun 1880. Da auduga ta faɗi ƙasa da senti 7 a farkon shekarun 1890, ƙungiyoyin fararen manoma masu rufe fuska a gundumomin da ke maƙwabtaka suka riƙa ƙone kadarorin irin waɗannan 'yan kasuwa suna korar baƙaƙen da ke noma musu.

Baƙar fata sun shiga kasuwa a matsayin masu saye da sunansu, wasu kuma masu shago, musamman a titin St. Catherine. John R. Lynch, wanda aka haifa bawa, a shagon ɗaukar hoto na garin ya fara aiki har ya zama mai kula da shi, kafin ya zama shugaban majalisar jiha kuma ɗan majalisar tarayya. Wata sabuwar talla ta ɓullo a jaridun coci irin su Southwestern Christian Advocate ta Niyu Olins, wadda ake karantawa a majami'un Misisifi: mutum yana cigiyar uwa ko ɗa ko 'yar'uwa da aka sayar shekaru da dama da suka wuce, yana lissafa sunayen iyayengijin da suka bi ta hannunsu.

Fuskar tallar kanti ma ta sauya. A jaridar Natchez Democrat, wadda aka kafa a 1865, talla ta fara ƙetare sahu biyu ko uku da manyan haruffa, ana faɗin farashi, ana shelar rangwamen ƙarshen kaka. Wakilan kamfanoni masu yawo da akwatin samfur suka rage wa mai kanti wahalar zuwa Niyu Yok, musamman bayan layin dogo ya haɗa garin da Jackson a 1882. Suna zuwa da katuna masu launi da kalanda da alluna na kamfanonin sabulu da zare da keken ɗinki na Singer da magungunan Lydia Pinkham, ana buga sunan kantin gari a ƙasa. Hotunan Henry Norman, wanda ya zo garin a 1870, sun adana kamannin waɗannan kantuna da allunansu. Zuwa shekarun 1890 kundin hajar Montgomery Ward da na Sears daga Shikago sun fara shiga gidajen karkara, kuma kai wasiƙa kyauta har ƙauye da gwamnati ta soma a 1896 ya ba manomi mai 'yan kuɗi a hannu damar saye a farashin da aka buga, ba tare da ya tsaya gaban kanta ba. Wanda ke cikin littafin bashi bai sami wannan dama ba. Ya zauna a ciki har ƙwaron auduga ya iso yankin wajen 1908, ya karya noman da bashin ke dogaro da shi, manyan gidajen kasuwanci da dama suka rufe, iyalansu suka bar garin.